Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Tarken Da'awar Gaskiya a Wasannin Tseren Mota na Kwamfuta

Gabatarwa

A cikin watan Disamba na shekarar 1997 kamfanin Sony ya fitar da wani wasan tseren mota a ƙasar Japan mai suna Gran Turismo, wanda Kazunori Yamauchi da abokan aikinsa suka shafe kimanin shekara biyar suna tsarawa. An yi wa wasan kirari da cewa shi ne kwaikwayon tuƙi na haƙiƙa, kuma wannan kirari bai rabu da shi ba har zuwa kashi na bakwai da ya fito a 2022. To, amma a cikin wasan nan na 1997 mai wasa yana iya gwabza motarsa da bango tana tsakiyar gudu, ta dawo kan hanya sumul, ko ƙwarzane babu a jikinta. Duk da haka miliyoyin mutane suka amince da kirarin, cikinsu har da waɗanda suka san mota ciki da bai.

Wannan maƙala za ta dubi abin da ake nufi da gaskiya idan an ce wasan tseren mota ya yi kama da gaskiya. Manazarta adabi sun daɗe suna fama da irin wannan tambaya dangane da ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo, kuma sun san cewa mai ƙirƙira ba ya kwaso duniya ɗungurungum ya zuba a cikin aikinsa. Zaɓe yake yi, ya ɗauki wani abu ya bar wani. Don haka hanyar tarken irin waɗannan wasanni ita ce a tambayi abin da suka ɗauka da abin da suka bari, da kuma dalilin barin. Domin sauƙin nazari an kasa gaskiyar tuƙi gida uku: gaskiyar gani, da gaskiyar ji, watau abin da jiki yake ji, da kuma gaskiyar hasara.

Gaskiyar Gani

Wasannin farko ba su da ikon nuna abu mai yawa, saboda haka tilas ta sa masu tsara su suka gano abin da ido yake bukata kafin ya yarda ana tafiya. Kamfanin Atari na Amurka ya fitar da Gran Trak 10 a 1974, da sitiyari da giya da totur da birki irin na mota, amma hoton da ke kan allo daga sama ake hango shi, kamar yadda shaho ke hango ƙasa. Bayan shekara biyu, a 1976, kamfanin ya fitar da Night Driver, inda mai wasa yake kallon hanya daga mazaunin direba. Babu komai a allon sai baƙin dare da wasu fararen turaka da ke tahowa ta gefen hanya biyu. Ita motar kanta hoto ce da aka manna a gilashin allon. An zaɓi dare ne domin na'urar ba za ta iya zana gari da itatuwa ba, amma sai ga shi turakan nan kaɗai sun isa su sa mutum ya karkata jikinsa idan kwana ta taho. Darasin da ke nan shi ne, ido ba ya auna gudu da yawan abin da ya gani. Yana auna shi da yadda abubuwa ke wucewa ta gefensa.

Daga nan aka shiga kawo wurare na ainihi. Pole Position na kamfanin Namco, wanda ya fito a 1982, ya kwaikwayi filin tseren Fuji na Japan, har ya tilasta wa mai wasa ya yi zagayen gwaji kafin a ba shi gurbi a tsere, kamar yadda ake yi a gasar gaske. A yau wasanni irin su iRacing, wanda aka buɗe a 2008, da Assetto Corsa na kamfanin Kunos na Italiya, wanda ya fito a 2014, suna auna filin tsere da hasken leza, su kwashe kowane tudu da kowane faci na kwalta su sa a cikin kwamfuta. Wannan aiki ne abin yabo, domin direba yana iya haddace Nordschleife ta Nürburgring a Jamus, mai tsawon kusan kilomita 21, tun bai taɓa taka ƙasar ba.

Sai dai akwai abu biyu da ya kamata mai tarke ya lura da su. Na farko, awon leza hoton rana guda ne. Filin gaske yana tsufa, ana sake masa kwalta, ana matsar da shinge, alhali na cikin kwamfuta yana nan yadda aka bar shi sai an sake awo. Na biyu kuwa ya fi wannan nauyi. Gudun kilomita 200 a awa a kan faffaɗan fili, idan an nuna shi a allo daidai yadda yake, yakan zama kamar tafiyar hawainiya, domin allo ya yanke gefen ido inda ake jin wucewar abubuwa. Saboda haka masu tsara wasanni da yawa sukan faɗaɗa kusurwar gani, su sa gefen hoto ya yi dishi-dishi, su girgiza hoton idan gudu ya ƙaru. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da idon direban gaske yake gani haka. Ƙari ne da aka yi domin a mayar wa mai kallo da abin da allo ya ƙwace masa. Tun a matakin gani ke nan an fara gyara gaskiya domin ta yi kama da kanta.

Gaskiyar Ji

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A sha'anin tuƙi maganar ta juya, domin ƙwararren direba da jikinsa yake tuƙi kafin idonsa. Duk abin da mota take yi, na tashi ko na tsayawa ko na shan kwana, yana bi ne ta wurare huɗu inda taya ta taɓa ƙasa, kowannensu bai wuce faɗin tafin hannu ba sosai. Taya kuwa tana da hali mai wuyar sha'ani: ba ta kai matuƙar riƙonta sai ta ɗan fara zamewa kaɗan, idan kuma zamewar ta wuce wani ƙadari sai riƙon ya ragu. Riƙon yana sauyawa da zafin roba, da iskar da ke cikin taya, da nauyin da ya hau kanta. Idan an taka birki nauyi yakan koma gaba, bayan mota ya yi sakayau. Gwanintar tsere duka tana cikin zama a kan wannan siririyar iyaka tsakanin riƙo da santsi.

Waɗanda suka fara ɗaukar wannan al'amari da muhimmanci sun cancanci ambato. Geoff Crammond, wanda ya karanci kimiyyar fiziya, ya tsara Revs a Ingila a tsakiyar shekarun 1980, ya gina tafiyar motar a kan lissafi. A 1989 David Kaemmer da kamfanin Papyrus suka fitar da Indianapolis 500, inda mai wasa yake daidaita iskar taya da giya da yawan mai, kuma yana iya yin tseren mil 500 ɗin nan cif. A wannan shekara kuma Atari ya fitar da Hard Drivin', mai makulli da kuloci da sitiyarin da ke turjewa a hannu. Wannan turjiya ita ce babbar ƙofar da jiki yake samun labari ta cikinta, domin idan tayoyin gaba sun fara zamewa sitiyari yakan yi sauƙi a hannu, direba ya gane tun kafin ido ya nuna masa.

Shi kansa lissafin taya bai kai matsayin gaskiya tsantsa ba. Shekaru da dama wasanni suna dogara da wata ƙa'ida da Hans Pacejka na jami'ar fasaha ta Delft a ƙasar Holan da abokan aikinsa suka fitar a shekarun 1980. Ƙa'idar ba ta bayyana abin da ke faruwa a cikin roba. Abin da take yi shi ne zana layin da ya dace da sakamakon awon da aka yi wa taya a ɗakin gwaji. Tana aiki da kyau a inda aka yi awo, tana rauni idan an fita daga nan, musamman idan mota na tafiya a hankali ƙwarai. Wasu masu tsarawa, ciki har da Kaemmer a iRacing, sun koma gina taya daga halin roba da zaren da ke cikinta. Kowace hanya tana da inda ta dace da inda ta kauce, kuma kowane kamfani yana kiran tasa hanyar gaskiya.

A nan ne babbar matsalar take. Ko da lissafi ya yi daidai ɗari bisa ɗari, mai wasa yana zaune ne a kujerar da ba ta tafiya. Direban gaske yana jin bayan mota ya fara sulalewa ta ƙugunsa da bayansa da kuma gaɓar daidaito da ke can cikin kunne. Direban Formula 1 idan ya taka birki da ƙarfi yakan ji nauyin da ya kai kimanin ninki biyar na jikinsa yana tura shi gaba. Manyan na'urorin bincike, irin wadda kamfanin Daimler-Benz ya buɗe a Berlin a 1985, sukan ɗora mota a kan dandamali mai ƙafa shida da ke motsi ta kowace fuska. Amma dandamali ba ya iya ci gaba da tafiya gefe guda har abada, saboda haka dabara ake yi: a karkata shi a hankali yadda nauyin jikin mutum zai danna shi a kujera, ƙwaƙwalwarsa ta ɗauka mota ce ke ƙara gudu. Ashe ko na'urar masana da ruɗin jiki take aiki.

Sakamakon haka shi ne, motar da aka kwaikwaya daidai ta fi motar gaske wuyar tuƙi, domin an ba mutum dukan wahalarta an hana shi rabin labarin da jikinsa zai ba shi. Jiki magayi ne, an kuwa rufe masa baki. Grand Prix Legends, wanda Papyrus ya fitar a 1998 yana kwaikwayon gasar 1967, ya yi suna wajen wuya har masu saye da yawa suka kasa kammala zagaye guda ba su wuntsila ba, kasuwarsa kuma ba ta yi armashi ba. Daga irin wannan ne wani ra'ayi ya kafu a tsakanin masoya waɗannan wasanni, cewa duk wasan da ya fi wuya shi ya fi gaskiya. Wannan ra'ayi kuskure ne, domin ya ɗauki naƙasar na'ura ya mai da ita ma'aunin inganci. Masu tsarawa da suka fahimci haka sukan ƙara ƙarar kukan taya fiye da yadda ake jinsa a cikin kwalkwali, su kuma aika wa sitiyari da wasu girgize-girgize da sitiyarin gaske ba ya yi, domin hannu da kunne su karɓi aikin ƙugu. Tun zamanin Girkawa Aristotle ya nuna cewa a fagen ƙirƙira abin da ba ya yiwuwa amma hankali ya karɓe shi ya fi abin da ke yiwuwa amma hankali ya ƙi shi. Wasan tuƙi mai kyau yana bin wannan hukunci ko da mai tsara shi bai taɓa jin labarinsa ba.

Dangane da haka bai kamata a raina wasannin da ba su yi da'awar gaskiya ba. Out Run na Yu Suzuki, wanda Sega ya fitar a 1986, misali ne a nan. Jan mota ce buɗaɗɗiya, da faɗin hanya, da kiɗan da mai wasa ya zaɓa. Abin da ya nufa shi ne daɗin tafiya, ya kuwa same shi. Matsayinsa kamar na tatsuniya ne, wadda tun daga buɗewarta take shaida wa mai sauraro cewa ba labarin gaske ba ne, ko kuma na yaron da ke tura motar kara yana yi mata kukan inji da bakinsa. Wanda bai yi alkawarin gaskiya ba, ba a tuhumarsa da saɓa shi.

Gaskiyar Hasara

Kashi na uku shi ne wanda wasanni suka fi kauce wa. An daɗe ana danganta rashin lotsewar motoci a Gran Turismo da ƙyamar da kamfanonin mota ke yi wa ganin hajarsu a ragargaje, tun da da izninsu ake sa motocin. Wannan hanzari bai gamsar ba gaba ɗaya, domin Forza Motorsport na Microsoft ya nuna lalacewar jikin motoci masu izni tun 2005, alhali Gran Turismo bai nuna ba sai a kashi na biyar a 2010. A ɗaya gefen kuma akwai BeamNG.drive na Jamus, wanda yake lissafa yadda kowane sashe na ƙarfen mota ke lanƙwashewa. Amma ko shi abin da ya kama shi ne siffar hatsari. Maɓalli guda ake dannawa mota ta dawo sabuwa. Tun daga Race Driver: Grid na 2008 da Forza Motorsport 3 na 2009 ma an ba mai wasa ikon mayar da lokaci baya ya gyara kuskurensa.

Muhimmancin wannan giɓi yana fitowa idan an koma ga Grand Prix Legends. Wasan ya kawo motocin 1967 da injinansu da filayensu, har da titunan Monaco. A waɗannan tituna ne, a cikin watan Mayu na 1967, motar Ferrari ta Lorenzo Bandini ta kife ta kama wuta, ya rasu bayan kwana uku. Direbobin wancan zamani da sanin irin wannan suke shiga mota, kuma wannan sani yana cikin kowane taka birki da suke yi. Mai wasa yana iya fin su sauri a fili guda da mota guda, domin ya faɗi sau dubu a kwanar da su sau ɗaya kawai aka ba su damar faɗuwa. Wasan ya adana motar ya zubar da tsoron, alhali tsoron nan rabin tarihin ne.

Labarin Jann Mardenborough ya haɗa ƙarfin waɗannan wasanni da iyakarsu wuri guda. A 2008 Nissan da Sony suka kafa gasar GT Academy domin su zaɓi gwanayen Gran Turismo su mai da su direbobin gaske. Lucas Ordóñez na Sifen, wanda ya fara cin gasar, ya zo na biyu a ajinsa a tseren awa 24 na Le Mans a 2011. Mardenborough, ɗan Birtaniya, ya ci gasar a 2011, ya kuma zo na uku a ajinsa a Le Mans a 2013. Wannan hujja ce mai ƙarfi cewa abin da ido da hannu suka koya a allo yana amfani a kan kwalta, ko da yake sai da aka yi musu horo mai tsanani na jiki da na tuƙi tukuna. To, a cikin watan Maris na 2015, a wani tudu na Nordschleife da ake kira Flugplatz, iska ta shiga ƙarƙashin motarsa ta ɗaga ta sama, ta tsallake shinge ta faɗa cikin 'yan kallo, mutum guda ya rasu. Wannan fili ne da masu wasa suke zagayawa dare da rana a cikin ɗakunansu, ba tare da wani ya taɓa rasa ransa a bayan shingen ba.

Abin da ya biyo baya ma abin nazari ne. Fim ɗin Gran Turismo na 2023, wanda Neill Blomkamp ya ba da umarni, ya ɗauko hatsarin 2015 ya sa shi kafin nasarar 2013, domin ya zama masifar da jarumi ya tsallake kafin ya yi galaba. Masu sharhi da dama sun soki wannan, kuma sukar tana bisa hanya. Mutuwar mutum na gaske an mai da ita matakala a cikin zubin labari. Halin da wasan yake da shi na mayar da lokaci baya ya gyara abin da bai yi daɗi ba, shi ne fim ɗin ya yi wa tarihi.

Akwai hanya guda da aka bi aka maido da wani abu na hasara, ita ce ta mutunci. A iRacing mutum da sunansa yake shiga tsere, kuma ana lissafa masa kowane karo da kowace fita daga hanya a cikin wani maki na kiyaye lafiya. Wanda makinsa ya faɗi ba ya samun shiga manyan tsere. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Da yake ba a iya kawo dajin cikin ɗaki ba, sai aka sa kunya ta yi aikin tsoro. An ga ƙarfin wannan a 2020, lokacin da annobar korona ta rufe filaye, direbobin gaske suka koma tsere ta intanet. Daniel Abt, direban Formula E, ya sa wani gwanin wasa ya yi tsere a madadinsa. Da asiri ya tonu aka soke sakamakonsa, aka ci shi tara, ya kuma rasa kujerarsa a kamfanin Audi. Motar ta ƙarya ce, amma aikin da ya rasa na gaske ne. Wannan ya nuna cewa gaskiyar hasara, gwargwadon yadda wasa ke iya samunta, daga jama'ar da ke kewaye da wasan take fitowa, lissafin kwamfuta ba ya samar da ita.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da hukunci uku. Gaskiyar gani ita ce mafi sauƙin samu, ita ce kuma aka fi tallatawa, domin ita ke fitowa a hoton talla. Gaskiyar ji ita ce ma'aunin gwanintar mai tsarawa, kuma ba a kai gare ta sai an yi ƙari da ragi, watau sai an saɓa wa zahiri a ƙananan abubuwa domin a cim masa a babba. Gaskiyar hasara kuwa ba ta shiga na'ura, kuma babu mai hankalin da zai so ta shiga, tun da amfanin kwaikwayo tun asali shi ne a koyi abu mai hatsari ba tare da an biya farashinsa ba. Saboda wannan ne manyan ƙungiyoyin Formula 1 suke gwada saitin mota a na'ura kafin su je fili.

Laifin da ake iya ɗora wa wasa bai shafi rashin kashe mai wasa ba. Laifin yana cikin kirarin da ke sa a manta cewa an cire wani abu. Saurayin da ya ƙware a allo ya koyi layin da ake bi a kwana, da inda ake taka birki, da yadda ake tare santsi, kuma waɗannan ilmi ne na ainihi. Amma ya koye su a duniyar da kuskure ba ya da kabari, inda babu mai tafiya a ƙasa, babu yaro mai tsallaka titi. Malamin da zai yi amfani da irin wannan na'ura wajen koyar da tuƙi, da manazarcin da zai auna ta a matsayin aikin fasaha, tambaya guda ce ke gabansu: me aka bari a waje, kuma an gaya wa mai wasa cewa an bar shi? Wasan da ya amsa wannan tambaya a fili ya fi kusa da gaskiya bisa ga wanda ya rubuta sunanta a goshinsa.